Fili Ɗaya, Masu Shi Biyu: Darasi a Kan Rabon Adireshi Cikin Kwamfuta

A darasin kwamfuta mukan koya wa ɗalibai cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar dogon jerin akwatuna take, kowane akwati yana ɗaukar bayit ɗaya, kowanne kuma da lambarsa. Lambar nan ita ake kira adireshi. Bayanin daidai ne, ya kuma isa a amsa tambayar jarrabawa da shi. Amma akwai abin da ba mu cika kaiwa gare shi ba kafin a buga ƙararrawa, watau ba kowane adireshi ne yake kai mutum ga akwatin ajiya ba. Waɗansu adireshi ƙofofin na'urori ne: na katin da ke zana hoto a allo, na katin sadarwa, na ramukan USB da sauransu. Firosesa, wadda ke yin lissafi da ba da umurni, takan kira lambar kawai ta rubuta ko ta karanta, ba ta damu da wanda ke bayan ƙofar ba.

Tun da yake fili ɗaya ake rabawa tsakanin masu yawa, dole wata rana a sami biyu da suka ce wuri ɗaya nasu ne. Mai raba wannan gardama shi ne kanel, watau zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Misalanmu za su fito daga kanel na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991, gama shi a buɗe yake, kowa yana iya karanta yadda aka rubuta shi.

Yadda aka fara yanka filin

Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana da firosesa Intel 8088 mai wayoyin adireshi 20. Kowace waya tana ɗaukar 0 ko 1, saboda haka iyakar adireshin da za a iya kira shi ne 1,048,576. Injiniyoyin suka ba ƙwaƙwalwar aiki, wadda muke kira RAM, adireshi 655,360 na farko, watau kilobayit 640. Sauran kilobayit 384 na sama aka keɓe wa na'urori da BIOS, ƙaramar manhajar nan da ke manne a jikin kwamfuta, wadda ke fara farkawa sa'ad da aka kunna wuta.

Masana sukan rubuta adireshi da ƙidaya mai tushe 16, inda haruffan A zuwa F suke tsayawa a madadin 10 zuwa 15. Wanda ya yi ƙidaya mai tushe 2 a darasin lissafi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Da wannan ƙidaya, RAM ta ƙare daf da A0000. A adireshi B8000 kuwa, watau 753,664, rubutun allo mai launi yake farawa. Idan manhaja ta rubuta lamba 65 a wurin, nan take harafin A zai bayyana a kusurwar hagu ta saman allo. Ba RAM ce ta karɓi saƙon ba, katin allo ne.

Ba da daɗewa ba kilobayit 640 suka yi wa mutane kaɗan, aka fara hangen filin sama. MS-DOS 5 ta 1991 ta zo da wata ƙaramar manhaja mai suna EMM386, wadda take leƙa yankin saman ta nemi guraben da babu kowa ta mai da su wurin ajiya. Matsalar ita ce, waɗansu katunan sadarwa suna da nasu wurin a wannan yanki, amma sukan yi shiru har sai an tashe su. Sai EMM386 ta ga kamar kango ne, ta zuba kaya. Daga baya katin ya farka, kwamfuta ta sandare. Maganin a lokacin shi ne mai kwamfuta ya buɗe fayil ɗin CONFIG.SYS ya rubuta da hannunsa wani abu kamar X=D000-D3FF, ma'ana kada a taɓa nan. Mutum ne alƙali a zamanin, shi ke riƙe da lissafin wanda ke ina, yana matsar da 'yan ƙananan filogi a jikin kati domin ya sauya masa adireshi.

Tsarin PCI da Intel ya gabatar a 1992 ya sauƙaƙa wannan. Na'urar PCI ba ta kafe a wuri ɗaya ba. Tana faɗin girman filin da take bukata, sa'an nan BIOS ko kanel su nuna mata inda za ta zauna. Windows 95 ta yi tallar irin wannan sauƙi da sunan Plug and Play, watau jona ka ci gaba da aiki. Da yake abin bai cika tafiya daidai da farko ba, masu barkwanci suka sauya harafi ɗaya ya koma Plug and Pray, jona ka yi addu'a. Ba mu ƙi addu'a ba ko kaɗan, amma aikin da injiniya ya bari bai gama ba yana nan yana jiransa.

Me ya sa haɗuwar adireshi take da haɗari haka? Domin ba ta yin ƙara a lokacin da ta faru. Ɗalibi ya buga aikinsa, kanel ya ajiye shi a adireshin da yake tsammani RAM ne, ashe ƙofar na'ura ce. Rubutun ya ɓace, na'urar kuma ta ɗauki haruffan a matsayin umurni. Ko kuwa na'urar ce za ta zuba nata bayani a kan abin da aka ajiye. Ɓarnar takan bayyana bayan awa ɗaya ko kwana uku, a wani wuri dabam da ba shi da laifi, mai gyara ya yi ta neman cutar inda ba ta.

Rajistar kanel

Linux yana riƙe da rajista ta dukan filayen adireshi. Kowace na'ura tana da ƙaramar manhajar da ta san yarenta, ana kiranta direba. Kafin direba ya taɓa na'urarsa, ana so ya zo wurin kanel ya ce: ina neman daga adireshi kaza, tsawon kaza, ga sunana. Kanel zai bi rajistar, wadda take jere daga ƙarami zuwa babba, ya duba ko wani ya riga shi.

Gwajin kansa lissafin 'yan aji ɗaya ne. Filaye biyu sun haɗu idan farkon na ɗaya bai wuce ƙarshen na biyu ba, farkon na biyu kuma bai wuce ƙarshen na ɗaya ba. Bari mu ɗauki fili daga 1,000 zuwa 1,999 da wani daga 1,500 zuwa 2,499. Lamba 1,000 ba ta wuce 2,499 ba, 1,500 kuma ba ta wuce 1,999 ba, don haka sun haɗu. Idan na biyun daga 2,000 ya fara, sharaɗi na biyu ya karye, maƙwabta ne kawai. A lura da kyau: filin da ya fara daga 1,000 mai tsawon 1,000 yana ƙarewa ne a 1,999, ba 2,000 ba. Mantuwa da wannan ɗaya tak ta sha jefa ƙwararrun masu rubuta manhaja cikin wahala.

Ba kowace haɗuwa ce laifi ba. Rajistar tana da iyaye da 'ya'ya. Babban fili da aka ware wa dukan na'urorin PCI, wanda ake kira taga, yana iya ƙunsar ƙananan filaye na kowace na'ura, kamar yadda ɗakuna suke cikin gida. Abin da kanel ba ya karɓa shi ne filin da ƙafarsa ɗaya ke ciki ɗaya ke waje, ko filin da wani direba ya riga ya sa wa alamar cewa yana aiki a kai. A irin wannan hali direba na biyu zai koma hannu wofi, yawanci da lambar kuskure 16 mai nufin wuri a kame yake, na'urarsa kuma ta zauna shiru. Na'urar da ta yi shiru ta fi wadda ke ɓata kayan wani.

Amma kada mu ɗauka rajistar nan katanga ce. Direban da bai zo ya yi tambaya ba yana iya miƙa hannu ya taɓa filin wani, gama dukan direbobi a cikin kanel suke zaune da cikakken iko. Rajista tana aiki ne muddin kowa ya yarda ya bi ta. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa a Maimaitawar Shari'a sura 19 sai da aka kafa doka a kan matsar da alamar iyakar maƙwabci, gama dutsen iyaka shi kaɗai ba ya iya tsare kansa.

Sa'ad da taswirar kanta ta saɓa wa kanta

To, daga ina kanel yake sanin inda RAM take tun farko? BIOS ce take ba shi taswira, wadda aka fi sani da E820, sunan da ya fito daga lambar da ake kiran BIOS da ita domin a karɓi taswirar. Kowane layi yana faɗin farkon fili, tsawonsa da irinsa. Iri na 1 RAM ce da za a yi amfani da ita, iri na 2 keɓaɓɓe ne kada a taɓa, iri na 5 kuma ƙwaƙwalwa ce da ta lalace. Masu rubuta BIOS mutane ne, sukan kawo layuka a hargitse, wani lokaci layi biyu su hau kan juna da bayani iri biyu.

Linux yakan tsefe taswirar kafin ya gaskata ta. Yana jera dukan wuraren da wani fili ya fara ko ya ƙare, ya bi su ɗaya ɗaya, inda kuma layi biyu suka haɗu, sai mai babbar lamba ya ci. A ce layi ɗaya ya ce 1,000 zuwa 5,999 RAM ce, wani ya ce 4,000 zuwa 4,499 keɓaɓɓe ne. Sakamakon fili uku ne: RAM daga 1,000 zuwa 3,999, keɓaɓɓe daga 4,000 zuwa 4,499, RAM kuma daga 4,500 zuwa 5,999. Dalilin a fili yake. Idan kanel ya yi kuskure ta wajen kaffa-kaffa, bayit 500 ya rasa. Idan ya yi kuskure ta ɗaya wajen, ba a san iyakar ɓarnar ba.

Har wa yau an gano cewa waɗansu BIOS sukan yi rubutu a can ƙasan ƙwaƙwalwa, a wurin da su da kansu suka ce RAM ce, musamman sa'ad da kwamfuta ta farka daga barci. Da farko Linux ya riƙa keɓe kilobayit 64 na farko. Daga fitowa ta 5.13 a 2021 ya bar wa BIOS dukan megabayit na farko. Filin nan na kilobayit 640 da mutanen 1981 suka gina duniyarsu a kai ya zama abin da ake yafewa domin a zauna lafiya.

Wata gardamar kuma ta taso a kan na'urar auna zafi da gudun fanka. Ita ana magana da ita ne ta wani ƙaramin jerin adireshi dabam mai ƙofofi 65,536, amma ka'idar ɗaya ce. Mataki biyu ake yi: a faɗi abin da ake so a ƙofa ɗaya, a karɓi amsa a ƙofa ta biyu. A kwamfutoci da yawa manhajar BIOS ita ma tana amfani da na'urar nan ta hanyar tsarin ACPI mai kula da wuta da zafi. Idan direban Linux ya yi tambaya, kafin ya karɓi amsa ɗayan ya shigo ya yi tasa, sai amsoshi su sarƙe. Za a iya karanta gudun fanka a matsayin zafi, kwamfuta ta kashe kanta ba gaira ba dalili. Daga Linux 2.6.31 na 2009, kanel yana hana direba ɗaukar filin da ACPI ta ce nata ne. Mutane da yawa suka daina ganin zafin kwamfutarsu, suka yi gunaguni. An bar musu hanyar sassauta dokar da kalmar acpi_enforce_resources=lax, amma alhakin yana wuyan wanda ya rubuta ta. A ganinmu hukuncin ya yi daidai.

Inda kaffa-kaffa ta jawo asara

Wanda ya karanta zuwa nan zai ce ai maganar ta ƙare: duk inda aka yi shakka, a bi mai cewa kada a taɓa. Labarin da ke biye ya nuna abin bai kai nan sauƙi ba.

BIOS takan ba kanel takarda biyu. Ɗaya ita ce taswirar E820. Ɗayar tana cikin teburorin ACPI, tana faɗin tagar da za a zaunar da na'urorin PCI. A 2010 aka sami kwamfutoci, cikinsu har da Dell Precision T3500, waɗanda tagarsu ta haɗa da wani yanki da ba ya aiki. Idan Linux ya sa na'ura a can, sai ta ƙi motsi. Da aka duba, sai aka ga taswirar E820 ta riga ta ce yankin keɓaɓɓe ne. Aka kafa doka: a yanke daga taga duk abin da E820 ta keɓe. Dokar ta yi shekara goma tana aiki ba wanda ya tuna da ita.

A 2020 masu sababbin kwamfutocin cinya suka fara kuka cewa sun sa Linux amma faifan da ake shafawa da yatsa a madadin linzami ya mutu. A Lenovo IdeaPad 3 15IIL05, taswirar E820 ta keɓe daga 4BC50000 zuwa CFFFFFFF, tagar PCI kuwa daga 65400000 zuwa BFFFFFFF take. Ɗalibi ya gwada da ka'idar da muka koya a sama, zai ga tagar gaba ɗaya ta faɗa cikin keɓaɓɓen fili. Da kanel ya yanke abin da doka ta ce ya yanke, bai rage ko bayit ɗaya ba. Na'urar da faifan shafawa ke magana ta cikinta bayit 4,096 kawai take nema, daga tagar da ta fi megabayit 1,400, amma aka ce mata babu wuri. Kanel bai karya doka ba, ya bi ta ne sawu da ƙafa, ga mai kwamfuta kuwa da kayan da ya saya da kuɗinsa ba ya aiki. Galibin masu ƙera irin waɗannan kwamfutoci da Windows suke gwada su, shi ya sa ba su ga matsalar ba.

Hans de Goede, injiniya a kamfanin Red Hat a lokacin, ya kawo gyara: idan kwanan watan BIOS na 2018 ne ko bayansa, a daina yanke tagar. Aka karɓa a farkon 2022. Sai aka ga ya hana wata tsohuwar kwamfuta, ThinkPad X1 Carbon ta biyu, yin barci da farkawa yadda ya kamata. Kwamfutar ta 2014 ce, amma an sabunta mata BIOS, sai kwanan watan ya sa ta cikin sababbi, alhali ita tana bukatar tsohuwar dokar. Aka janye gyaran. Ka'idar Linux ce cewa ba a gyara wa wani ta hanyar ɓata wa wanda nasa ke aiki jiya, ko da masu amfana sun fi yawa. Masu mataccen faifai suka ci gaba da jira.

Linux 5.19, wanda ya fito a Yuli 2022, ya bi hanya uku a lokaci ɗaya. Ya rubuta sunayen kwamfutocin da aka tabbatar suna da matsalar ya cire su daga dokar. Ya ba mai kwamfuta zaɓi da kalmomin pci=no_e820 da pci=use_e820. Ya kuma sa ranar ritaya ga dokar: duk BIOS ta 2023 zuwa gaba ba za a yanke mata taga ba. Jerin sunaye ba abin alfahari ba ne ga injiniya, gama kullum akwai wanda aka manta, amma ya tsayar da kukan.

Tushen abin kuwa sai a Linux 6.2 na 2023 aka taɓa shi, ta hannun Bjorn Helgaas mai kula da sashen PCI. Sababbin kwamfutoci ba sa amfani da tsohuwar BIOS, suna da magajiyarta UEFI, wadda ke da tata taswira mai ire-iren filaye da yawa. Ana fassara wannan taswira ne zuwa E820 kafin kanel ya karanta. A cikinta akwai wani iri da ke nufin cewa nan ƙofofin na'urori ne da UEFI za ta so a buɗe mata hanya zuwa gare su. Da yake E820 ba ta da kalmar da ta dace da wannan, sai mai fassara ya rubuta keɓaɓɓe. Kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu, kanel ya karanta mai tsananin. Gyaran shi ne a cire irin waɗannan filaye daga taswirar idan sun kai kilobayit 256. Ƙananan aka bar su, domin a kwamfutoci irin X1 Carbon su ne suke nuna wuraren da da gaske bai kamata a sa na'ura ba. Ko wannan iyaka ta 256 ba daga wata ka'ida ta fito ba, an zaɓe ta ne bisa ga abin da aka gani a kwamfutocin da aka bincika.

Ɗalibin da ya sami kwamfuta mai Linux yana iya ganin rajistar da idonsa. Ya buɗe wurin buga umurni ya rubuta cat /proc/iomem. Layukan da aka ɗan tura ciki su ne 'ya'ya, na bakin layi su ne iyaye. Idan ya ga adireshin duka sifiri ne, kwamfutar lafiya take: tun 2016 kanel yana ɓoye lambobin ga wanda ba shi da ikon shugaba, saboda masu kutse suna iya amfani da su. Sai ya roƙi malamin ɗakin kwamfuta ya buga masa umurnin da sudo a gaba, ya kwafe layuka goma, ya mai da su ƙidaya mai tushe 10, ya gwada su biyu biyu da ka'idar farko da ƙarshe ya ga ko zai sami wanda ya hau kan ɗan'uwansa.